Maman Murna da Kiryar da Ta Kai Oron

Duk wanda ke girki da itace a unguwar Nukkai ta Jalingo ya san Maman Murna. In ka sauka daga babban titi ka bi layin da ke gangarawa kogi, kafin ka kai injin niƙa za ka ga itace a jere kamar katanga, da wata gajeruwar mace a kan kujerar tsuguno, gatari a gefenta. Ita ce. Sunanta na baftisma Mabel, amma mutum biyu kaɗai na san suna kiranta da shi: fasto in yana karanta sunaye, da ƙanwar mijinta Roseline in tana son ɓata mata rai.

Shekara ashirin da shida muna maƙwabtaka, katanga ɗaya. A zumuntar mata benci ɗaya muke zama. Ranar da maigidana Zacchaeus ya rasu ita ta fara shigowa, ita ta hura wuta, kwana bakwai wutar nan ba ta mutu ba, ban kuma ga lokacin da ake shigo da itacen ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da ke gaba ya ce ba na ƙaunarta. Ina ƙaunarta. Gajiyar da ni take yi.

Ta san itace. Masu kawo mata a mota daga dazukan wajen Mutum Biyu sun daina gwada mata wayo, domin takan ɗauki guntu ta ƙwanƙwasa da gindin gatari, ta kai hanci, ta ce wannan marke ne, wannan kirya, wannan kuwa ɗanye ne aka shanya shi kwana biyu don ya ruɗi mutane. Ba ta taɓa kuskure a kan itace ba. Damuwar ita ce, ta ɗauka haka take a kan komai.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Tana shekara tara a gidan mijinta Simeon matar ƙanensa ta rasu wurin haihuwa, ta bar jaririya mai kwana uku. Ana cikin kuka ana kallon juna, Mabel ta tashi ta ɗauki yarinyar ta fita da ita. Da cokali ta riƙa ba ta madara. Na sha ganinta tana faskare da yarinyar a goye, kan yarinyar yana rawa da kowane sara. Ita ce Murna. Ta girma ta zama malamar firamare, wani yaro Noah da ya zo bautar ƙasa ya gan ta, aka yi aure, ya tafi da ita garinsu Oron, can kudu bakin ruwa.

A damina ta bara waya ta zo: Murna ta sauka lafiya, namiji. Dangi suka taru a gindin mangwaron gidan Simeon a kan wa zai je ya yi mata wankan jego, wankan ruwan zafi da ganye da uwa take yi wa 'yarta safe da yamma har kwana arba'in. Ina tsakar gidana ina tsince shinkafa, katangarmu kuwa gajeriya ce.

Na ji Roseline tana cewa, "Ni ce goggonta, jini ɗaya. Mabel ta yi ƙoƙari, ba wanda ya ce ba ta yi ba. Amma wadda ba ta taɓa shiga ruwan jego ba, yaya za ta sa wata a ciki?"

Simeon ya yi tari, shi ke nan gudummawarsa. Sai na ji muryar maƙwabciyata.

"Sunana Maman Murna. Jibi zan tafi."

Roseline ta ce, "To. Jakata dai a ɗaure take. In ya gagara a kira ni."

Ba a jima ba ta shigo wurina ko sallama babu.

"Maman David, za ki raka ni."

"Ina?"

"Oron."

"Ina ne Oron?"

"Ni ma ban sani ba. Ke dai shida kika haifa. Za ki tsaya a bayana, in na manta abu ki raɗa mini."

Tun da ba ta da nata sanin, sai ta bi tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, kuma duk abin da aka faɗa mata ta riƙe shi kamar yana cikin Dokoki Goma. Wata ta ce ganyen darbejiya. Wata ta ce tukunyar ƙarfe, ban da ta alminiyam. Wata tsohuwa da ba ta ma ji sosai ta ce ruwan da aka tafasa da kirya shi ne yake shiga ƙashi. Wannan ta zauna mata daram, don ta taɓo sana'arta. Ta zaɓi kirya dami biyu da hannunta, ta ɗaure.

Na ce, "Maman Murna, can ba su da itace ne? Ni da karan dawa aka tafasa nawa."

Ta ce, "Shi ya sa gwiwarki take ciwo."

A tasha direba ya rantse ba zai ɗauki itace ba, ya ce motar mutane ce. Ta zauna a kan damin ta ce to ita ma mutum ce, ya ɗauke ta da kujerarta. Fasinjoji suka yi ta dariya har ya gaji ya ɗaure shi a saman mota, ya rufa da wani tamfol da ya fi rariya huda. Har Wukari rana muke sha. Daga Katsina-Ala sama ta buɗe, ba ta sake rufewa ba. Kwana biyu muka yi, mota uku muka canja, a kowace tasha sai an sake rigimar itace daga farko.

Oron ƙaramin gari ne, ko dai inda mu muka zauna. Mu a Jalingo in za ka je Yelwa daga Nukkai sai ka tsaya jiran keke. Can kuwa kasuwa, asibiti, majami'a, tashar jiragen ruwa, duk da ƙafa ake zuwa, kuma kowace hanya ka bi a ƙarshe gangarawa take yi ta kai ka bakin ruwa. Ba dutse ko ɗaya da mutum zai ɗaga kai ya gane gabas. Iskar ma a jiƙe take. Gishiri ya dunƙule a leda, ashana sai ka kyasta biyar, zanen da na shanya ran Talata ran Alhamis yana nan da sanyinsa. Ko'ina warin kifi da hayaƙi. Kirefish, busasshen jatan landen nan na miya da muke saye a ɗan ƙulli muna lallaɓawa, can a buhu-buhu yake, kaji na bi ta kai. Da muka shiga garin da la'asar na hango ruwan, ya cika har gindin rumfuna, faɗinsa ya sa na kama kujerar mota. Na san Binuwai, na taɓa haye shi a Lau. Wannan wani abu ne daban.

Gidan haya ne, ɗakuna suna kallon juna, tsakar gidan siminti ne da bai fi tabarma uku ba, indararo na zuba ta kowane gefe. Noah ya tarye mu da Hausarsa ta bautar ƙasa.

"Mama, sannu, ka sha hanya! Wannan kaya mene ne? Itace? Daga Jalingo?"

Ta ce, "Sauke a hankali."

Murna tana kwance da jaririn, ta yi fari ta kumbura, tana ganin uwarta ta fashe da kuka. A gefenta wata doguwar mace tana zaune, uwar Noah. Kwana biyar ita take yi wa Murna wanka, da ruwan da ake ɗorawa a gas da tawul. Sana'arta bandar kifi a bakin ruwa. Na lura idanunta ja ne kamar na Maman Murna, tafin hannunta ma duk tsaga, mutanen hayaƙi ne su biyun. Su ba su lura ba. Suna ta auna juna daga ɗankwali zuwa silifa.

Ta bakin Noah uwarsa ta ce tun da uwar yarinya ta iso, ga wuri, ta karɓi aikinta yau. Ga gas, ga bokiti.

Maman Murna ta ce, "Ka gaya mata na gode. Ba da gas ake yi ba. Gobe da yamma zan fara, in itacena ya sha iska."

Na taka mata ƙafa. Ta janye ƙafarta.

Da muka kwance kaya, ganyen darbejiyar ya ruɓe a leda, ya zama kamar miyar da ta kwana. Kiryar kuwa ta sha ruwa har wani danshi take fitarwa. Aka gwada tsinke ɗaya a tsakar gida, hayaƙi ya cika ɗakunan mutane, wata mata ta fito tana magana da ƙarfi.

Washegari Allah ya ba da rana. Noah ya tafi aikinsa na gyaran injin jirgi, uwarsa ta tafi wurin bandarta. Maman Murna ta fita neman inda za ta yi shanya, ta dawo fuskarta a sake.

"Taso ki gani. Fili guda, ba kowa."

Ta ɗora mini dami ɗaya a kai, da wannan gwiwar tawa, ta ɗauki ɗaya. Muka gangara. Ruwan da na gani jiya har gindin rumfuna ya koma can nesa, ya bar fili mai faɗi, baƙin yashi a sama, laka a ƙasa.

Ta ce, "Kin gani? Ambaliya ce jiya, saboda ruwan da aka yi ta yi. Yau ta janye."

Haka kogin Nukkai yake yi. In an yi ruwa a kan duwatsu ya cika ya yi hauka, kwana ɗaya ya sauka, kuma ba zai dawo ba sai an sake wani ruwan. Kowa ya san haka. Ta ɗaga kai ta duba gabas da yamma, ba hadari ko kaɗan.

Ni dai raina bai kwanta ba. Na ga jirage kwance a kan laka, kowanne an ɗaure shi da doguwar igiya. Na ga maza suna gyaran raga ba wanda ya damu jirginsa ya kafe. Filin nan ba ciyawa, ba akuya, ba shanyar kowa.

Na ce, "Me ya sa ake ɗaure jirgin da ke kan ƙasa?"

"Ɓarayi."

"To me ya sa ba wanda yake amfani da wurin?"

"Ragwanci. Da a Nukkai ne da tuni an shuka alayyafo."

Muka fara jerawa. Wata mata daga rumfa ta taso tana ɗaga hannu, tana nuna itacen, tana nuna ruwa, tana magana da yarensu. Maman Murna ta san halin 'yan kasuwa, ta ce cewa take mun tare mata gaban rumfa. Don a zauna lafiya ta sa muka kwashe muka ƙara gangarawa ƙasa, wajen ruwan. Matar ta ɗora hannu biyu a ka. Maman Murna ta ce, "Ji ta. An matsa mata ma ba ta gode ba."

Daga nan muka shiga gari neman darbejiya. Ranar na ga Oron da tafin ƙafata. Muka bi ta kasuwa, inda mata ke zaune gaban tudun ƙananan dodon koɗi suna datse musu gindi da wuƙa, irin wanda ake zubawa a miya a riƙa tsotsa. Muka wuce tashar jirage, ana ta loda jarkoki da buhuna da mutane, kowa da rigar hana nutsewa mai ruwan lemo a wuya, mai jirgi yana ihu kamar kwandastan Mutum Biyu. Majami'u kuwa, kafin ka gama karanta sunan ɗaya ka iso ƙofar wata. Gaisuwarsu gajeriya ce, kalma biyu an wuce, ba a tambayar gida ba a tambayar gajiya. Na ga ayaba, na ga kwakwa, na ga itatuwan da ban san sunansu ba, kore shar har ido ya gaji. Darbejiya, wadda a gida ko akuya ba ta kula ta, babu. Sau biyu muka ɓata, sau biyu hanya ta maido mu gaban wani shago mai shuɗin fenti, har mai shagon ya fara gaishe mu.

Rana ta karkata muka ji wani yana cewa, "Albasa, albasa," da Hausa. Na kusa rungume shi. Wani dattijo ne, Malam Abbo, mutumin Mubi, shekararsa goma sha tara a garin. Ya rufe albasarsa da buhu ya kai mu bayan wani ɗan masallaci, ga darbejiya guda ɗaya da suka dasa da hannunsu. Ya karyo mana rassa. Maman Murna ta ji daɗi har ta shiga ba shi labarin kirya.

Ya ce, "Ikon Allah. Yanzu ina itacen?"

"Yana shan rana a bakin ruwa."

"Wane bakin ruwa, Mama? Sama wajen rumfuna?"

"Ƙasa, inda ambaliya ta janye."

Ya dubi agogonsa, ya dube mu. "Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

"Innalillahi. Mama, ba ambaliya ba ce. Ruwan nan kullum sau biyu yake tafiya ya dawo."

Ta nuna masa sama. "Ba hadari."

"Ba ruwansa da hadari. Ku yi sauri."

Amfanin ƙanƙantar garin ke nan: ba mu daɗe ba muka ga asararmu. Filin babu shi. Ruwa ya cika har gindin rumfuna kamar jiya, jiragen da ke kwance duk sun tashi suna rawa a kan igiyoyinsu. Matar nan ta rumfa ta dube mu, ta ci gaba da juya kifinta. Maman Murna ta tsaya da rassan darbejiya a hannu. Shekara talatin tana tsare itace daga ruwan sama, daga gara, daga yaran unguwa, yau da kanta ta ɗauko shi daga Jalingo ta miƙa wa ruwa.

Da yamma uwar Noah ta sake yin wankan da gas ɗinta. Maman Murna tana zaune a bakin ƙofa, ko abinci ba ta taɓa ba. Wayarta ta yi ƙara, Roseline ce, kuma wayar irin mai ƙarar nan ce da kowa ke ji.

"Mabel, an fara?"

Ita ba ta ƙarya, wannan kam na shaide ta. Ta ce, "Ba a fara ba."

"Kwana biyu kina can? To me kike yi? Bari kawai, jibi zan shiga mota."

Da safe na gama addu'a na karanta Zabura, na duba ban gan ta ba. Jakarta tana ɗaure a bayan ƙofa. Murna tana shayarwa, ta kira ni a hankali.

"Mama David, fushi take yi da ni? Tun da ta zo ba ta zauna kusa da ni ba. Ko hannuna ba ta riƙe ba."

Ban sha wahalar nemanta ba, na bi gangara kawai. Tana zaune a kan wani jirgi da aka kife, tana kallon ruwan. Ya fara ja da baya. Na zauna kusa da ita, gwiwata tana zafi, kaina ma haka saboda damin jiya.

Ta ce, "Kalle shi. Tafiya yake yi kuma. Kamar bai yi komai ba."

Ta gyara zama, ta ci gaba.

"Gobe zan koma. Roseline ta zo ta yi. Gaskiya ta faɗa, uwar gaske da ta sani."

Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a zumunta in aka ce in yi addu'a gajeriya nake yi. Amma ranar abin ya kai ni wuya.

Na ce, "Da ta san me? Cewa ruwan Oron yana zuwa aiki yana komawa gida? Ni shida na haifa, ba tare muka shanya itacen nan ba? Ba ni na ɗauko dami ɗaya ba? Roseline ɗin ta taɓa wuce Wukari?"

Ta juyo tana kallona. Na ci gaba.

"Kin hana direba uku sakat. Kin cika gidan mutane da hayaƙi. Kin zagaya da ni garin nan kamar masu talla. Yarinyar da kika zo dominta tana can tana tambaya ko fushi kike yi da ita. Sau shida aka yi mini wankan nan, ki tambaye ni da wane itace aka yi na biyu ko na biyar, wallahi ban sani ba. Na dai san wadda ta riƙe mini kafaɗa. Kin yi kwana biyu kina jegon itace!"

Na ɗauka za ta tashi ta bar ni. Sai na ga ta ƙura wa laka ido. Ruwan ya ƙara ja, wasu baƙaƙen abubuwa suna leƙowa nan da can.

Ta ce a hankali, "Kirya ce. Nauyi gare ta. Ba duka ya iya ɗauka ba."

Daidai nan uwar Noah ta gangaro da kwandonta za ta tari masu jirgi. Labarinmu ya riga ya zaga bakin ruwan, na gane daga yadda mata suke leƙe. Ta tsaya ta dubi inda muke kallo. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ajiye kwando, ta cire silifa, ta tattare zane ta shiga laka. Ta ciro guntu ɗaya, ta ɗauraye, ta auna nauyinsa a hannu. Sannan ta ƙwanƙwasa shi da zobenta, ta kai hanci.

Maman Murna ta miƙe tsaye.

Uwar Noah ta taɓe baki irin na wanda ya ga abin kirki, ta gyaɗa kai. Kafin in ce wani abu Maman Murna ta cire nata silifan ta bi ta. Guda bakwai suka samo, sun yi baƙi da laka har gwiwa. Uwar Noah ta ja mu rumfarta, ta jera su a kan wayar banda kusa da kifi inda zafi ke bugawa. Ta shiga ciki ta fito da nata itacen, wani ja-ja, na bishiyoyin nan da ke tsaye a cikin ruwa da saiwoyinsu a waje. Ta miƙa.

Maman Murna ta karɓa kamar an ba ta jaririn wani. Ta ƙwanƙwasa. Ta shinshina. Ta kankare da farce. Ta daɗe.

Ta ce, "Ba laifi."

A shekara ashirin da shida sau biyu na ji ta faɗi haka a kan itacen da ba nata ba.

A murhun banda aka ɗora tukunyar ƙarfe, aka hura da jan itacen uwar Noah. Muka ɗauki ruwan a bokitai muka hau gangara, mu uku, tsofaffi, mutane na ba mu hanya. A gida sabuwar rigima ta tashi. Murna ta ce a asibiti an ce kada ruwan ya yi zafi sosai, kuma ban da kunun kanwa. Maman Murna ta ce asibiti ta haife ta? Uwar Noah ta ɗebo ruwan sanyi a moɗa za ta zuba, Maman Murna ta tare bakin bokiti. Wannan na yarenta, wannan na Hausa, ba mai jin wata, amma ba wadda ta rasa amsa. A ƙarshe moɗa biyu aka zuba, kowacce tana ganin ita ta ci.

Na tsaya a ƙofar banɗaki kamar yadda aka ɗauko ni in yi. Maman Murna ta ɗauki ganyen, ta waiwayo ni. Na raɗa mata, "Tsoma, ki yarfe, ki fara daga kafaɗa." Sau ɗaya na faɗa. Ta dafa wuyan yarinyar da hannun hagu, yadda take dafa ta tana ƙarama in za ta cuɗa mata baya, daga nan ba ta sake waiwayo ni ba.

"Wayyo Mama! Da zafi!"

"Yi mini shiru. Haihuwa ba ta kashe ki ba sai ganye? Juyo."

"Mama, a hankali mana!"

"Tun kina wata uku haka kike yi in an taɓa ki da ruwa. Ɗaga hannu."

Wayarta tana hannuna sai ta yi ƙara. Roseline. Allah ya gafarta mini, ban ce ko sannu ba. Na danna, na miƙa hannu cikin banɗakin, na bar ta ta ji ƙarar ganye da ihun Murna tana kiran Mama, har sai da ta gaji ta kashe da kanta. Ba ta shiga mota ba.

Kwana goma sha biyu na yi na dawo, don jikina ya ƙi iskar garin. Ita ta cika arba'in har da huɗu. Kiryar nan bakwai ta bushe a kan banda, ta adana ta sai ranar ƙarshe ta tafasa ruwan da ita. Murna ta gaya mini a waya ruwan ranar warin kifi yake yi, amma ba ta isa ta faɗa ba.

Yanzu tana nan a kan kujerarta a layin kogi. A bayanta akwai wani guntun jan itace da ba na sayarwa ba ne, in ka taɓa za ka ji magana. Roseline har yau Mabel take ce mata, sai dai yanzu ba ta jin kiran, sai ta ci gaba da faskare har a gyara. Duk wanda ya tsaya sayen itace kuwa sai ya ji labarin Oron: gari mai kyau, ba ka bukatar keke, mutanensa sun san itace daidai gwargwado, ruwansu ne kawai ba shi da tarbiyya.

Makon jiya ina shara na ji ta ta katanga tana gaya wa wata mata cewa ita tun farko hankalinta bai kwanta da filin nan ba, Maman David ce ta nace a shanya a wurin. Na ajiye tsintsiya. Na ɗauka kuma na ci gaba da sharata.